Yoyon baƙin mai a akori-kura mai dizal: laccar gareji a Jos

An ɗauki wannan ne a waya, a wani zama da wani dattijon bakanike ya yi da yara masu koyon aiki da wasu direbobi a wani gareji da ke hanyar Bauchi a Jos. Ga yadda ya yi bayanin.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Kai, samari, rage wannan rediyon don Allah. Yauwa. Toh abu huɗu zan faɗa a kan yoyon baƙin mai, Hilux ce, L200 ce, Navara ce, D-Max ce, duk kanwar ja ce in dai gas take sha.

Na farko, kar ka taɓa sifana sai ka san inda man ya faro. Mai mota zai zo ya ce Oga, motata tana ɗiga, kai kuma ka leƙa ƙasa ka ga mai a tsakanin injin da giyabos, nan take ka yanke hukunci, sil ɗin baya ne, wato robar da ke tare mai a bayan injin, a sauke giyabos. Ka ci wuni guda, mutum ya biya, bayan kwana biyu ya dawo da ɗigarsa, ashe gasket ɗin murfin sama ne yake zubarwa, man yana gangarowa ta bayan injin. Mai ƙasa yake bi, iska kuma tana kora shi baya in mota tana gudu, saboda haka inda ya ɗiga ba nan ya fito ba. Ka bari injin ya huce, ka rufe altaneta da wayoyi da leda, ka wanke shi fes, ya bushe. Kar ka watsa wa injin mai zafi ruwan Jos na hunturu, ku kun san ruwan da nake nufi, wanda ko alwala sai an yi shawara. (dariya) In ya bushe ka barbaɗa farar hoda a inda kake zargi, ka tada shi, ka haska tocila, ka nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Ka shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwana. Kuma ka tabbata baƙin mai ne: na dizal yana yin baƙi ƙirin da wuri saboda ƙunar gas, man sitiyari galibi ja ne, man giya kuma warinsa ma kawai ya isa.

Na biyu, kuma wallahi a nan ne nake so ku buɗe kunne, shi ne birida. Injin dizal matse iska yake yi har ta yi zafin da gas zai kama da kansa, babu fulogi. Injin 5L na Toyota yana matse ta wajen sau 22, mai fetur kuwa wajen 10. To duk kyan ringi sai wani hayaƙi ya sulale ta gefen fistin ya shiga ƙasa inda man yake, shi ya sa aka yi masa hanyar fita, wannan tiyon da ya taso daga murfin sama, shi ne birida. In tiyon ya toshe da datti ko ya lanƙwashe, ina iskar za ta je? Kamar tukunyar wake ce a kan wuta ka danne murfin, dole ta nemi inda za ta tofar. Sai ta tura mai ta duk inda ya fi rauni, yau sil ɗin gaba, ka canza, gobe na baya, ka canza, jibi gejin mai ya ɗago da kansa. Kana ta zagin mai sayar da kaya wai ya ba ka jabu, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. To wani lokacin ma jabun ne, ban ce ba a yi ba. (dariya)

Gwajin ba ya cin ko sisi. Injin ya yi zafi yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ka kwance murfin zuba mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In ɗan rawa yake yi kaɗan, lafiya. In yana tsalle, hayaƙi na bugowa fuf fuf fuf, akwai magana. Ka duba birida tukuna. In a buɗe take kuma har yanzu yana bugowa, ka fara tunanin ringi, ka gaya wa mai mota gaskiya, Alhaji, sil ba zai yi maka maganin wannan ba.

Masu aiki a kan injinan Hilux 2KD da 1KD, wato mai 2.5 da mai 3.0, akwai wani abu naku. Nozul ɗinsu, masu fesa gas cikin injin, a ƙarƙashin murfin sama suke zaune, kowanne da 'yar washa a gindinsa. In washar ta ci, hayaƙin ƙuna yana hawowa ya haɗu da mai, man ya daskare ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta. Mai yana nan cike a geji amma ba ya hawa sama, sai injin ya buga, kana Hawan Kibo da kayan dankali a baya. Washa ce fa. Kuɗinta bai kai na abincin rana na mutum biyu ba, amma yaro zai cire nozul ya goge tsohuwar da tsumma ya mayar. Kar in gani a garejin nan. Na faɗa, na sake faɗa: sabuwar washa.

Sannan gam. Ku da gam! Wani in ya riƙe wannan silikon ɗin sai ya ga bayan kwalin. Abin da ya tsattsafo waje kana gani, irinsa ya tsattsafo ciki, ya gutsure ya je ya kwanta a wannan rariyar da na ce. Siriri ake sawa, a wuri mai tsabta busasshe, a inda aka ce a sa.

Ina muke, na uku ko? Malam ya ce na huɗu. To ko ma na nawa ne, lokaci ya tafi, bari in jero su. Filta: in ka cire tsohuwa ka duba ko robarta ta manne, roba biyu a kan juna mai zai kwarara. Washar notin juye mai, a canza. Siwicin mai yana tsatsafa. Famfon iskar burki da ke bayan altaneta a 5L da 4D56 na L200, shi ma mai ne yake shiga cikinsa. Notin murfin sama kar ka ɗaure shi kamar na taya. Mai ya wuce alamar geji, shi ma yoyo ne ka saya da kuɗinka. In ka ga mai a cikin ruwan lagireto, je ka duba kular mai, wato abin da ke sanyaya man. Kuma in sil ɗin gaba ya jiƙa bel ɗin taimin, a canza har bel ɗin, kar a jira kilomita 150,000 ɗin da aka rubuta wa KD. Injinan Toyota na GD da suka fito a 2015 sarƙa gare su...

(Wani direba ya ɗaga hannu: Baba, tawa ba ta ɗiga ko ɗaya amma kullum mai yana raguwa, kuma na ga mai a tiyon turbo.)

Madalla, ɗana, ka tuna min babba. Ɗan maiƙo a cikin tiyon ba komai ba ne, birida ce take kawo shi. Amma in ka cire tiyon intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya turo, mai ya zubo, ga shuɗin hayaƙi a salansa, turbo ɗinka yana tura mai cikin injin, kuma injin dizal yana iya cin baƙin mai kamar gas. Ran da ya taru da yawa sai ka ji injin ya ɗauki ihu shi kaɗai, ka kashe makulli ka zare, yana nan yana ci, hayaƙi ya rufe titi. In ta same ka, taka burki da ƙarfi, ja na hannu, sa giya mafi girma, ka saki kuloci ya mutu. In atomatik ce sai dai a toshe masa iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba, zuƙe shi zai yi. Kuma in an canza turbo a sauke intakula a wanke, don man da ya kwanta a ciki yana nan yana jiran sabon. Motar tana waje? To kar ka tada ta, ku yara biyu ku ɗauko sukudireba mu je mu buɗe tiyon yanzu.