Yadda ƙuri'a 11,779 suka juya Jojiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina gundumar Gwinnett ne, arewa maso gabashin Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, babbar hanyar I-85 ce a bayana.

Ku dubi jerin shagunan nan. Wannan na Koriyawa ne, na kusa da shi na 'yan Meziko, can ƙurya kuma wata baiwar Allah 'yar Ghana ke sayar da manja da busasshen kifi. Shekaru da dama a zaɓen shugaban ƙasa gundumar nan ta jam'iyyar Rifablikan ce, ko tababa babu, sai a 2016 ta koma wa Hillary Clinton ta jam'iyyar Dimokuraɗiyya. A 2020 kuwa Biden ya lashe ta da rata mai faɗi. Ni a ganina a irin waɗannan unguwanni na bayan gari aka yi wa Trump illa, ba a tsakiyar Atlanta ba.

Daren zaɓe, Talata 3 ga Nuwamban 2020, mun kwanta Trump na kan gaba sosai. To amma shekarar korona ce, mutane da yawa ta gidan waya suka aika ƙuri'unsu, galibinsu 'yan Dimokuraɗiyya, kuma su ake ƙirgawa a baya. Rata ta yi ta raguwa kamar ruwan randa da rani. Asubahin Juma'a, ƙuri'un gundumar Clayton suka shigo, Biden ya wuce gaba.

Mutum kusan miliyan 5 suka yi zaɓe, bambancin 11,779 kacal! Sau uku aka ƙirga, ɗaya da hannu, takarda bayan takarda. Kuma nan ba kamar gida Najeriya ba ne da ake haɗa ƙuri'un ƙasa baki ɗaya. Wanda ya ci jihar ko da ƙuri'a guda, shi ke kwashe wakilanta 16 masu zaɓen shugaban ƙasa. Rabon Dimokuraɗiyya da Jojiya tun Bill Clinton a 1992.

Ranar 2 ga Janairun 2021 Trump ya kira Brad Raffensperger, sakataren jihar mai kula da zaɓe, ɗan jam'iyyarsa ne ma, yana neman a samo masa ƙuri'a 11,780. Mutumin ya ƙi, ya tsaya kan alƙalumansa.

Kada fa ku ɗauka jihar ta zama ta Dimokuraɗiyya. A 2024 Trump ya ƙwace abarsa da ratar da ta haura dubu 100, duk da Gwinnett ɗin nan Kamala Harris ta bi.