Me Ya Sa Gwanin Jami'a Ke Ƙarewa A Benci A NBA?

A kakar 2011, babu ɗan ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka da ya kai Jimmer Fredette cin maki. Kusan maki 29 yake ci wa jami'ar BYU a kowane wasa, kuma shi ya lashe kyautar gwarzon shekara. A zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, shi aka ɗauka na 10. Bayan shekara biyar, sai ga shi a Shanghai yana buga gasar ƙasar Sin. Hannunsa bai lalace ba, domin a can ma ruwan maki ya yi ta yi. To me ya faru?

Ku dubi filin wasan da kyau. Girmansa ɗaya ne a jami'a da NBA, ƙafa 94 a tsayi, 50 a faɗi, kwandon kuma ƙafa 10 daga ƙasa. Layukan da ke ciki ne suka bambanta. Layin maki uku, wanda in an jefa daga bayansa ake samun maki uku, a NBA mita 7.24 ne daga kwando, na jami'a kuwa 6.75. Akwatin da ke ƙarƙashin kwando faɗinsa ƙafa 16 ne a NBA, a jami'a 12.

Sai wata doka da 'yan kallo ba su cika kula da ita ba, alhali ita ce ke kashe wa mutane da yawa kasuwa. A NBA, mai tsaro ba zai wuce daƙiƙa uku a cikin wannan akwati ba, sai dai idan akwai abokin hamayyar da yake gadi kusa da shi. In ya wuce, alƙali ya busa, a ba ɗaya ɓangaren jifa ɗaya kyauta, kuma ƙwallo na hannunsu. A jami'a babu wannan doka. Koci zai dasa dogon yaronsa a gindin kwando kamar turke, ya ce kada ya motsa. Da haka ake ɓoye mai nauyin ƙafa har ya gama karatu ba a gane ba.

A NBA babu wurin ɓuya. Ga yadda ake tona asirinsa. Mai ƙwallo zai ɗaga hannu ya kira abokinsa, wanda wannan mai nauyin ƙafa ke gadi. Abokin zai taho ya tsaya ƙyam, ya tare wa mai gadin ƙwallo hanya da jikinsa. Yanzu dole dogon ya zaɓa cikin ƙiftawar ido. Idan ya ja baya, an ba mai ƙwallo sarari ya jefa maki uku. Idan ya fito, mai ƙwallo ya zagaye shi ya nufi kwando. Idan wani ya baro mutuminsa don ya kawo ɗauki, ƙwallo ta tafi kusurwa, inda nisan bai wuce mita 6.7 ba, kuma wanda ke tsaye a wurin, jifa daga nan ne aikin da ake biyansa. Za a maimaita masa wannan sau biyar, sau shida a jere, har sai kocinsa ya cire shi.

Wannan ne ya sami Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A 2022 shi ne gwarzon jami'o'in Amurka, yana cafe wa jami'ar Kentucky ƙwallon da ta dawo daga kwando fiye da sau 15 a wasa. Jarumi ne na gaske, kuma abin da ciwo a ce a zaɓen 2023 babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Ba ƙoƙarinsa ake shakka ba. Tambayar ita ce, zai iya bin ƙaramin mai gudu a can wajen layi? Kuma zai iya jifa daga nesa?

Lokaci ma takura ne. Daƙiƙa 24 ke gare ka ka yi jifa a NBA, a jami'a 30. Shida ɗin nan ba wasa ba ne. A jami'a, in dabarar farko ta rushe, akwai damar a dawo da ƙwallo a sake shiri. A NBA, kafin ka ƙetare tsakiyar fili ka riga ka ci daƙiƙa biyar ko shida, dabara ɗaya ta ƙi, sauran bakwai, dole wani ya ƙirƙiro jifa da kansa a gaban mai dogayen hannuwa.

Ga kuma gajiya. Wasan jami'a minti 40 ne, na NBA 48. Ɗalibi kan buga wasa talatin da 'yan kai a kaka. NBA wasa 82 ne kafin a shiga zagayen fitar da gwani, wani lokaci yau a wannan birni, gobe a wani, barci a jirgi. Zuwa tsakiyar Janairu, sabon shiga ya riga ya buga abin da ya fi kakarsa ta jami'a gaba ɗaya, kuma rabin tafiya aka yi. A nan ƙafa ke mutuwa, jifa ta fara tsayawa a bakin ƙarfen kwando.

Ƙofar kanta ƙarama ce. Jami'o'in rukuni na ɗaya sun haura 350, amma mutum 60 kacal ake zaɓa a shekara, kuma ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Waɗanda aka zaɓa na farko a 2023 da 2024 duk daga Faransa suka zo. Ƙungiyoyi 30, kowace da gurbi 15, mafi yawa da masu su a ciki.

Shi ya sa masu farautar 'yan wasa ba sa ruɗuwa da yawan maki. Suna auna tsawon hannu daga yatsa zuwa yatsa, suna duba saurin takun gefe, da yadda mutum ke yin jifar kyauta, domin ita ke nuna ko hannu zai kai layin nesa. Suna kuma kallon abin da yake yi in ƙwallo ba ta hannunsa. Draymond Green na jami'ar Michigan State sai a lamba ta 35 aka ɗauke shi a 2012, ana cewa ya yi gajarta ga tsakiya, ya yi nauyi ga gefe. Amma yana iya gadin kowa daga ƙarami har dogo, yana kuma sakin ƙwallo da wuri. Da wannan ya ɗaga kofin NBA huɗu da ƙungiyar Golden State.