Injin Niƙa, Iyafis da Sanƙarau: Lacca Kan Kiyaye Ji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malamai, iyaye da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Sabon Gari ko Tudun Wada ya san cewa tsohon mai inji ba ya jin magana sai an ɗaga murya, ko da kuwa ya riga ya kashe injin. Mukan ɗauka halin sana'a ne, wasu ma har tsokanarsa suke yi, alhali kuwa kunnensa ne ya lalace, kuma irin lalacewar da ba ta gyaruwa.

Dalilin shi ne, can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku da ke manne da shi, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, wadda a cikinta ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa za ta gane. Da su aka haife mu, kuma duk wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali, babu jini, babu zafi, shi ya sa mutum yakan shekara goma bai farga ba. Abin da yake fara ɓacewa shi ne siririn sauti, sai mutum ya riƙa cewa yana jin muryar mutane amma ba ya rarrabe kalmominsu, musamman a kasuwa ko wurin biki.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a kan 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 100, minti 15 kacal ya rage wa mutum. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma ga ma'auni mai sauƙi: idan sai kun yi ihu kafin wanda hannunku zai iya taɓawa ya ji ku, to wurin yana cutar da kunne. Ku auna shagon walda da wannan, da janaretan da aka ajiye a bakin taga, da lasifikar da ake ɗora wa yara a ka ranar kamu ko walima. Ma'aikatan da ke tsayawa kusa da jirgin sama ba sa rabuwa da marufin kunne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai niƙa ya ji kunyar toshe nasa da 'yar robar da aka yi don haka ba.

Ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ku ma da ku nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Kada ƙarar iyafis ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma idan kun cire shi kuka ji kunne yana kuka, to gargaɗi ne ya iso.

Sai dai a ƙasar Hausa cuta ce ta fi kurmantar da yara. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, ta kuma bar da yawa daga waɗanda suka tashi ba sa ji. Ƙyanda da hangum da shawarar jarirai mai tsanani duk suna yin wannan ɓarna, haka ma zazzaɓin Lassa, wanda yake taɓa jin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata, kuma rigakafi ne kan gaba. Akwai kuma allurai irin su gentamicin da streptomycin waɗanda suke iya kashe ji idan aka yi su barkatai, don haka kada a karɓe su a kemis ba tare da likita ya rubuta ba.

Iyaye mata, kunnen da yake zubar da mugunya ba abin da za a jira yaro ya girma ya daina ba ne, domin sau da yawa dodon kunnen ne ya huje. Kada a ɗiga masa man ja ko ruwan ganye, kada kuma a sosa shi da gashin kaza ko tsinken ashana. Idan jariri ba ya firgita in an buga ƙofa, ko yaro ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna jinsa. Babba kuwa da ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ya je a ranar, domin maganin wannan a kwanakin farko yake aiki.