Gudun mita 11 a daƙiƙa: me ya sa likita bai yi murna ba?

[Hoto: takardar gwaji, yatsa a kan lamba 11]

Wani bawan Allah ya saka hoton takardar gwajinsa yana murna, wai jininsa na gudun mita 11 a daƙiƙa. Jama'a kuwa sai barka suke yi masa. Malam, a dakata da barkar tukuna.

Ba jinin ne ke wannan gudun ba. Ko a babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, jini bai cika wuce mita ɗaya da rabi a daƙiƙa ba. Abin da aka auna daban ne.

[Igiyar shanya a tsakar gida]

Ku dubi igiyar nan. Tana sako-sako, na kaɗa ta, ga motsin can yana tafiya a hankali. Yanzu na ɗaure ta tamau. Na sake kaɗawa. Kun gani? Kafin ƙiftawar ido ya isa ɗaya bakin. Igiyar kuwa tana nan inda take, girgizar ce ta yi tafiya.

Haka bugun zuciya yake bin bangon jijiya, kuma gudun wannan bugun ne aka auna. Ana ɗora na'ura ɗaya a wuya, ɗaya a matsematsi, a gwada tazarar da tef irin na tela, a raba da lokacin da bugun ya ɗauka. Saurayi mai lafiya, wajen mita 6. In ya haura 10, likitocin Turai sun ce jijiya ta yi tauri. Wato a wannan tseren, na baya shi ke cin kofi.

[Danƙo ana ja ana saki]

Babbar jijiya mai lafiya kamar danƙo take. Zuciya ta bugo, ta buɗe ta karɓa, sannan ta koma a hankali tana tura jinin gaba yayin da zuciya ke hutawa. In ta sandare, babu mai tare bugun. Lambar sama ta awon jini ta hau, ta ƙasa ta sauka. Ga shi ita zuciyar a lokacin hutun nan take samun nata rabon jinin. Aiki ya ƙaru, abinci ya ragu.

Kuma tauri daban, toshewa daban. Tiyon da ya bushe a rana ruwa na wucewa, wanda laka ta cika shi ne ya toshe. Mutum na iya haɗa biyun.

[Zanen hanta]

Wani taurin jijiyar kuma da hannun gado a ciki. To ina gadon ya shigo? Hanta na da wasu ƙugiyoyi da take kamo mugun kitse, wato kwalastarol ɗin da ake kira LDL, daga cikin jini. Brown da Goldstein na Dalas a Amurka ne suka gano su, har suka ci kyautar Nobel a 1985. Wajen mutum 1 cikin 250 ana haifarsa da kusan rabin ƙugiyoyin ba sa aiki. Kitsen ya yi ta yawo tun yana goye, yana shiga bangon jijiya, yana lalata shimfiɗar ciki mai sa ta saki jiki. Shekaru da hawan jini su ne manyan masu busar da jijiya, amma shi wannan tun yarinta aka fara ɗora masa kaya.

Abin da ke ban haushi shi ne masu cewa "ai siriri ne kamar sillen kara, ina ya ga kitse?" Jiki ba ya nunawa. Barin kilishi da man shanu na da kyau, amma ba zai ƙera ƙugiyar da babu ba.

[Yara a layin asibiti]

A Holan an bi yara masu wannan gadon da aka fara ba satatin, maganin rage kwalastarol, na tsawon shekara 20. Zuwa shekara 39 da haihuwa, kashi 1 cikin 100 ne suka gamu da ciwon zuciya ko na jijiya. Iyayensu da suka gada a wurinsu kuwa, kashi 26.

[Hannu na shafa agara]

In LDL ɗinka ya haura 190 a ma'aunin mg/dL, ko akwai ƙulli a agararka, ko wani a gidanku zuciya ta buga masa yana ɗan shekara arba'in da wani abu, kada ka je asibiti kai kaɗai. Kowane ɗa naka rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Ka tafi da yayyenka da ƙannenka, a ɗebi jinin yaran ma.