Ƙalubalantar Hukuncin Soke Haƙƙin Iyaye a Kotunan Amurka

Malama: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu duba wani hukunci mai nauyi da kotunan Amurka kan yanke, wato soke haƙƙin uwa ko uba a kan ɗansu baki ɗaya, ta yadda a idon doka sun zama bare, ba su da ikon ziyara balle na tarbiyya. Barista, wanda aka yanke wa irin wannan hukunci, magana ta ƙare ke nan?

Barista: Ba ta ƙare ba, Malama, akwai ɗaukaka ƙara, sai dai wa'adinta gajere ne. A jihohi da dama kwana 30 ne, wasu ma ba su kai haka ba, kuma wanda ya bari lokacin ya wuce da wuya a saurare shi komai ƙarfin hujjarsa. Abin da ya fi ruɗa iyaye shi ne, kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu. Uwa za ta zo da takardar shaidar cewa ta kammala shan magani, ta samu aiki, ta kama gida, amma alƙalan ba abin da za su buɗe sai kundin shari'ar farko, domin su ga ko an yi kuskure a doka.

Malam: To wane irin kuskure ne zai iya rushe hukuncin?

Barista: Babba daga ciki shi ne raunin hujja. A 1982, a shari'ar Santosky da Kramer wadda ta taso daga New York, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce bai isa a ce hujjar hukuma ta ɗan rinjayi ta iyaye ba, dole ne ta zama bayyananniya mai gamsarwa. Idan yaron ɗan ƙabilun asali na Amurka ne, dokar 1978 ta ƙara tsauri, sai hujjar da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba, irin wadda ake nema a shari'ar laifi. Akwai kuma rashin isar da sammaci yadda ya kamata, da gazawar hukumar kula da yara wajen yin ƙoƙarin da doka ta ɗora mata na sake haɗa iyalin.

Malama: Duk wannan aikin lauya ne, kuma yawancin waɗanda abin ke shafa talakawa ne.

Barista: Nan ne ni ma nake ganin dokar ta rage wa iyaye ƙarfi. A shari'ar Lassiter ta 1981, Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai wajabta ba wa kowane uba ko uwa lauya kyauta ba, sai alƙali ya duba yanayin shari'ar, ko da yake yawancin jihohi sun tanadi lauyan a dokokinsu. Amma a 1996 wata uwa daga Mississippi ta yi nasara: an hana ta ɗaukaka ƙara saboda ta kasa biyan dala 2,352 da 'yan kai na shirya kundin shari'a, sai Kotun Ƙoli, ta alƙalamin Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg, ta ce talauci ba zai toshe mata wannan hanya ba.

Malam: Ni kuwa yaron nake tausayi, Barista, domin yayin da manya ke kai da kawo a kotu, shi yana girma a hannun masu riƙo, bai san inda zai tsaya ba.

Barista: Gaskiyarka, Malam, kuma dalilin dokar tarayya ta 1997 ke nan, wadda ta ce idan yaro ya shafe wata 15 cikin wata 22 na baya-bayan nan a riƙon hukuma, jiha ta nemi a soke haƙƙin, sai dai idan akwai uzuri, kamar a ce yana hannun dangi. Saboda haka duk ƙorafin da iyaye ke da shi, su tabbatar lauyansu ya faɗe shi a gaban alƙalin farko an rubuta, domin abin da bai shiga kundi ba, galibi kotun sama ba ta karɓarsa.