Idan syslogd ta ƙi tashi a kan z/OS

Jama'a, barkanku da wannan lokaci. Yau muna kan babbar kwamfutar IBM mai aiki da z/OS, irin wadda manyan bankuna ke ɗora lissafinsu a kai. A cikinta akwai manhaja mai suna syslogd. Aikinta ta karɓi saƙonnin sauran manhajoji, irin su FTP mai tura fayiloli da SSH mai shiga kwamfuta daga nesa, ta rubuta su cikin fayil. Ranar da ta ƙi tashi, magatakardan ne da kansa ya kwanta, don haka kada ku ɓata lokaci kuna neman dalili a fayilolin da ita ce ke cika su.

To ina za a duba? Ya danganta da yadda aka tayar da ita. In daga /etc/rc ne, wato fayil ɗin umarnin da ke gudana lokacin tashin tsarin, ku buɗe /etc/log, nan ake zuba abin da ya faru lokacin tashin tsarin. In kuwa da umarnin START aka kunna ta, ku shiga SDSF, manhajar duba ayyukan da ke kan z/OS, ku karanta rahoton aikin. Saƙonninta suna farawa da FSUM. Idan kun ga saƙon ICH408I, RACF ce, wato manhajar tsaro ta z/OS, ta hana: asusun da manhajar ke aiki da shi ba shi da izini, kuma tana bukatar ikon babban mai amfani, wato UID 0.

Yanzu ku buɗe fayil ɗin da ke gaya mata inda za ta rubuta saƙonni. Wannan shi ne /etc/syslog.conf, kuma a ganina nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kun ga layukan sun zama tarkacen alamomi? An rubuta fayil ɗin a ƙaramar kwamfuta, aka turo shi ba tare da an juya haruffan ba. Ya iso a ASCII, tsarin haruffan ƙananan kwamfutoci, alhali syslogd EBCDIC take karantawa, wato tsarin haruffan manyan kwamfutocin IBM. A kwamfutar wanda ya rubuta shi, fayil ɗin lafiya lau yake, shi ya sa zai rantse bai yi kuskure ba. Ku juya shi da umarnin iconv zuwa IBM-1047, wani nau'in EBCDIC, ku sake gwadawa.

Akwai kuma fayilolin da aka ce ta rubuta a ciki. In babu su, ba za ta ƙirƙira da kanta ba sai an tayar da ita da zaɓin -c. Wannan yakan ruɗi mutane sosai, domin za ta iya tashi, amma ba ta rubuta komai a wurin.

Tashar 514 ta UDP fa, wato ƙofar da take karɓar saƙonni daga wasu kwamfutoci? In an ware ta ga wata manhaja a tsarin sadarwa na TCP/IP, ko wata kwafin syslogd ta riga ta kama, za ta yi ƙorafi. Ku buga D OMVS,A=ALL ku ga ko akwai wata a raye. In saƙonnin cikin gida kawai kuke so, ku sa -i, ba ruwanta da tashar.

In duk wannan bai warware ba, ku tayar da ita da hannu da -d, za ta riƙa nuna abin da take yi mataki-mataki. Ku lura da layin ƙarshe da ta buga kafin ta tsaya, shi za ku kai wa mai kula da RACF ko mai kula da TCP/IP.