Jarrabawar da aka hana Pele da Maradona shiga

Jama'a masu sauraro, wani saƙo ne ya shigo mana da ya hana ni sakat. Mai saƙon ya ce gardama ta ƙare: Messi na da kyautar Ballon d'Or (ta gwarzon ɗan ƙwallo na shekara) guda 8, Cristiano Ronaldo na da 5, Pele da Maradona kuwa ko ɗaya babu, saboda haka a daina cika masa kunne da labarin tsofaffi.

Haba malam! Ka san sharaɗin kyautar nan kuwa? Mujallar France Football ta ƙasar Faransa ce ta ƙirƙiro ta a 1956, kuma har zuwa 1994 ba a ba kowa sai ɗan Turai. Pele ɗan Brazil ne, Maradona ɗan Ajantina. Ƙofa a rufe take. Ta yaya za ka ce mutum ya faɗi jarrabawar da aka hana shi shiga ɗakinta?

Ku dubi 1986. Maradona ya ɗauki Ajantina a ka har ta ci Kofin Duniya a Meziko. A wasansu da Ingila ya karɓi ƙwallo tun daga ɓangarensu na fili, ya yi ta yanke 'yan baya ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da gola Peter Shilton, ya zura ta a raga. Wa aka ba kyautar a wannan shekara? Igor Belanov na Dynamo Kiev. Ba raina Belanov nake ba, ya taka leda. Amma tsakani da Allah, shi ne gwanin duniya a 1986? Ƙofa a rufe take! Ko Alfredo Di Stefano, haifaffen Ajantina, sai da ya zama ɗan Sifaniya a takarda sannan ya ci ta a 1957 da 1959. Da aka sassauta sharaɗin a 1995, nan take George Weah na Laberiya ya ɗauke ta. Wannan kaɗai bai ishe mu ishara ba?

Sai kuma masu cewa ai da manoma Pele ya buga. Manoma? A 1962 Santos, ƙungiyar Pele ta Brazil, ta je har Lisbon ta lallasa Benfica, zakarun Turai, da ci 5 da 2, Pele ya ci 3, ga Eusebio, gwanin Benfica, a fili yana kallo. Pele ne fa yaron da ya ci ƙwallo 2 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya yana ɗan shekara 17. A Kofin Duniya na 1966 kuwa 'yan Portugal suka yi ta sararsa har ya koma ɗingishi, haka ya ƙarasa wasan, don a lokacin ba a canjin ɗan wasa a gasar, katin gargaɗi ma sai a 1970 ya shigo.

Ban ce lallai Pele ya fi Messi ba. Wallahi akwai ranar da in na tuna abin da Messi ya yi a Qatar a 2022, sai in ji bakina ya mutu. A yi gardamar, ai ita ce daɗin ƙwallo. Amma kai mai saƙo, in za ka sake turo mana, ka zo da wata hujja, ka bar ƙirga kyautar da ba a taɓa sa sunan mutanen nan biyu a cikin 'yan takararta ba.